Babin Kulu

Falmata ta aiko mini jiya cewa za ta biyo ta gidana da hantsi, kafin ɗanta Mahamud ya ɗauke ta zuwa Yamai, kuma in tanadi babin Kulu don yau za ta ji shi. Saƙon bai zo da gaisuwa ba. Shekara biyu ke nan ina ce mata gobe.

Falmata ƙanwar matata ce, marigayiya Ramatu. Likita ya ce zuciyarta ta kumbura, sai Yamai, ita kuwa ta rarraba tukwanenta ga maƙwabta, abin da ya nuna mini ba ta sa ran dawowa. Ba ta yi boko ba. Kwana uku kafin Ramatu ta cika, ta ce mata a gabana, "Na rubuta Inna Kulu. Ki sa Mushe ya karanta miki." Mushe ni ne, haka 'yan boko ke kiran malami da Faransanci. Shekara talatin da huɗu na koyar da tarihi a lise, wato sakandare, sunan ya biyo ni har gida, matata kuma ta same shi hanya mai sauƙi ta kauce wa faɗin sunana Zakariya'u.

Babin Kulu ba ya nan. Na san haka tun kafin in buɗe ordinatar, wato kwamfuta, da safe, amma na buɗe.

Littafin mu biyu muka fara shi, tarihin gidajen fatake na unguwar Zango. Ni ke da takardun Nasara da na kwafo da hannuna, ita ke da tsofaffin matan da suka yarda su yi magana a gabanta. Ordinatar ɗaya gare mu. Sau biyu na yi rubutu a kan aikinta ya ɓace, sau biyun na ce kuskure ne. Na farkon kuskure ne. Ramatu ta shekara talatin tana buga takardun manya a buro, wato ofis, ba ta tsoron na'ura, sai ta nemo wani tsari da ake kira git, wanda masu rubuta manhaja ke aiki da shi, ta dasa mana. Duk lokacin da ka ce a ajiye, yakan ajiye littafin gaba ɗaya yadda yake a sa'ar, ya kuma riƙe wace ajiya ce ta gabace ta. Baƙin allo ne kawai. Ka rubuta masa umarni, ya bi kalmominka ɗaya bayan ɗaya, in ka sa tazara inda babu ita ya ce bai san me kake nufi ba. Ta yi mini reshe, ta yi wa kanta reshe, kowa na rubutu a nasa ba ya taka na wani. Ban tuna wani zaman lafiya da ya kai wannan tsawo a gidanmu ba.

Umarnin duka ta rubuta mini su a kaye, littafin rubutu mai shuɗin bango. Shafi biyu na karanta, na ga sun ishe ni. Lokaci-lokaci takan haɗe rassan, aikinta ya shigo cikin nawa. Da na ga jerin ajiyoyi ya cika da nata, na yi ƙorafi, ta gyara mini shi ya riƙa nuna nawa kaɗai. Ta dai daɗe tana kallona.

Abin da na fi ganewa shi ne yadda ake kiran ajiya. Wadda kake kai, sunanta HEAD. In ta baya kake so, sai ka ƙara wata 'yar lanƙwasa da Ramatu ke kira wutsiya, ka bi ta da lamba. HEAD~1 uba, HEAD~2 kaka, haka har tushe. A take na karɓe shi, don haka na koya wa yara sarakunan Damagaram shekara da shekaru, wane ɗan wane ɗan wane.

Babin Kulu shi ne aikinta na ƙarshe, a reshenta ta bar shi. Kulu kakarsu ce ita da Falmata. A babina na rubuta cewa mijin Kulu, Habu, bafatake mai zuwa Agadas, shi ya haƙa rijiyar gidansu ta Zango, don haka rajistar kwamandan na zamanin Nasara ta faɗa, da sunansa, da shekara, da hatimi. Bayan sadakar arba'in na buɗe babin Ramatu, na karanta shafin farko. Ta ce Habu ya tafi da ayari ya yi shekara goma sha ɗaya bai waiwayo ba, Kulu ce ta haƙa rijiyar da hannunta. Na rufe. A ƙasan shafi na biyu na kayen akwai umarnin da ta ja wa layi da jan biro ta rubuta "kada" a gefensa: yana haɗe rassan amma ya ɗauki naka kaɗai, ya watsar da na ɗayan. Na buga shi. Na kuma share sunan reshenta, don ganinsa kullum yana tsaya mini a wuya. Na daɗe ina gaya wa kaina baƙin ciki ne ya sa ni. Da baƙin ciki a ciki. Amma da a ce ta yarda da rajistar kwamandan, da baƙin cikin ya haƙura.

Yau da safe na kama wata maganarta na riƙe, cewa wannan tsarin ba ya zubar da komai. Na rubuta masa sunan babin. Ya ce bai sani ba ko sunan ajiya ne ko sunan takarda, in raba su da karan tsaye biyu a kwance. Na raba. Bai ce komai ba. Allon ya dawo yana jira, kamar ma'aikacin da ya ga ka zo ba ka da wanda ya san ka.

Sai na koma ƙidaya. Wutsiya ɗaya, babu. Biyu, babu. Na yi tsalle goma-goma, na tsorata ko na tsallake, na dawo ɗaya-ɗaya. Na tashi na sa ruwan shayi, na manta da shi ya ƙone. Na fita ƙofar gida na leƙa titi, 'yan kabu-kabu na ta wucewa, kowane na ga kamar Falmata ce a baya. Na dawo. Zafin bazara ya fara tun rana ba ta hau katanga ba, rigata ta manne a baya. Ina wajen ɗari biyu a ƙidayar aka ɗauke kuran, fanka ta tsaya, ordinatar ya koma kan batirinsa, wanda ya girme wasu jikokina. A ɗari huɗu da goma sha ɗaya na isa ajiyar farko, wadda Ramatu ta sa wa take "gwaji". Na ƙara ɗaya, ya ce babu wannan. Na bi zuriyar littafin tun daga yau har ranar da aka haife shi, ban gamu da Kulu ba ko sau ɗaya.

Na zagaya tsakar gida sau uku. A zagaye na huɗu tunanin ya zo mini, kuma ban kore shi ba. Falmata ba ta karatu. Na karanta shafin farko, na san labarin a dunƙule, na zauna da Ramatu shekara arba'in da ɗaya. Wa ya fi ni sanin yadda take magana? Na buɗe sabon shafi na soma rubutu da sauri, ina ƙara abin da na ga ya dace da tsohuwa mai haƙar rijiya. Na kai rabin shafi aka yi sallama.

"Mijin Yaya, kana ciki ko ka gudu?"

Ta shigo tana dafa bango, ta tsaya ta huta a tsakiyar zaure, ta sake tsayawa a bakin rumfa. Ƙafafunta sun kumbura har takalmin ya nutse. Na shimfiɗa mata tabarma, ta ce kujera take so, in ta zauna ƙasa sai an kira mutum huɗu.

"Mahamud ya tafi shan mai da duba taya," ta ce. "Yana so mu kwana Maraɗi, ya ce da an yi azahar mu kama hanya. Me ke ƙauri haka?"

"Shayi."

"Allah ya ji ƙan Yaya. Ko ruwa ba ka iya dafawa. To, bismilla."

Na jawo ordinatar kan gwiwata, na gyara tabarau, na yi gyaran murya irin ta aji.

"Bisa ga dukkan alamu, marigayiya Kulu ta kasance mace mai juriya, wadda yanayin zamaninta ya tilasta mata ɗaukar nauyin..."

"Tsaya."

Na tsaya.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Yayarki."

"Yaya ce ta ce bisa ga dukkan alamu? Wace alama? A cinyar Inna Kulu ta yi barci har ta shekara goma. Kuma ta kira ta marigayiya Kulu, ba Inna, kamar mai sanarwa a rediyo?" Ta karkato kai tana duban fuskata. "Mushe, kai fa ko ƙarya sai ka ɗaura mata karabat a wuya. Ina babin?"

Na yi shekara talatin da huɗu ina kama yara da satar amsa. Na san yadda fuskar wanda aka kama take, ban dai taɓa jin ta daga ciki ba. Na faɗa mata. Ban rage ba, har da jan biron, har da rajistar kwamandan.

Ta jingina tana numfashi da baki. Na gwammace ta zage ni.

"Wata uku tana rubuta shi," ta ce. "Tana amai tana komawa. Ni ke riƙe mata kwano."

"Na sani."

"Ba ka sani ba, kana ɗakinka da Nasaranka." Ta goge ido da bakin mayafi, sau ɗaya. "Ta ce mini abin nan ba ya ɓatar da komai. Ƙarya ta yi?"

"Na duba duka."

"Nuna mini yadda ka duba."

"Falmata, ba za ki gane ba."

"Kai da ka gane ga inda ka kai mu. Nuna mini."

Na juyo mata da allon, don in huta da idonta. Na ce wannan ita ce ta yau, wannan ubanta, wannan kakanta, wannan uban kakan, haka na bi su ɗari huɗu da goma sha ɗaya har tushe.

"Duk maza?"

"Na'ura ce. Ba ta da maza."

"Kai ka ce uba. To Inna Kulu ta wajen uwa muka haɗa da ita. Ka bi gidanmu ta uba har ka tsufa, ka riga ka tsufa ma, ba za ka gamu da ita ba, Gaffati za ka ɓulla cikin masu noman gero. Ku kullum haka kuke ƙirga mutane, kamar daga ƙasa suka tsiro." Ta nuna allon da haɓa. "Ranar da ka haɗa naka da nata, abin da aka samu ɗan waye?"

Na juya tambayar a raina. Ajiyar ranar daga biyu ta fito. Ko da na watsar da abin da ke cikin nata, haɗewa dai an yi ta, kuma tsarin yana riƙe wadda ta gabaci kowace. To wace ce ta gabaci wannan? Wutsiyar da nake ta ja tun safe, ta wane gefe take bi in ta iso nan?

Na tashi da sauri har tabarau ya faɗi. Kayen yana cikin akwatin littattafai, ƙarƙashin ƙamus biyu. Na buɗe shafi na uku, karo na farko tun da aka ba ni shi. Rubutunta ne, ƙanana, a tsaye, irin na masu buro. "Ajiyar haɗewa iyayenta biyu. Wutsiya na farkon kaɗai take bi, wato reshen wanda ya yi haɗewar. Na biyun sai da hula: ^2." A gefe ta zana 'yar hular. Ba ta bar mini wani saƙo ba. Bayani ne kawai, ta wuce zuwa na gaba.

"Me ta ce?" in ji Falmata.

"Ta ce kina da gaskiya."

"Ba ta taɓa faɗa mini tana da rai ba. Yi sauri."

Batirin ya nuna ja. Na jero ajiyoyina na nemo ta ranar haɗewa, na ƙirgo daga sama da yatsa a kan allo. Sittin da biyu. Na sake ƙirgawa, sittin da uku. Na buga, ya ƙi, don na sa tazara tsakanin lambar da hular, shi kuwa ya ɗauke su abu biyu. A waje mota ta tsaya, aka danna oda.

"Wannan Mahamud ne," ta ce. "Kada ka kula shi."

Na goge, na sake, harafi bayan harafi, ina faɗa a bayyane kamar ɗan aji ɗaya. HEAD~63^2, ɗigo biyu, sunan babin.

Allon ya cika da rubutu.

Ban karanta ba tukuna. Na fara da abin da ya kamata in yi shekara biyu da suka wuce: a shafi na ukun akwai yadda ake raɗa wa ajiya suna na dindindin, don kada a sake nemanta da ƙidaya. Na rubuta Ramatu.

"Me kake bugawa kuma?"

"Suna nake sa mata. Sunan yayarki."

"Sa Kulu. Yaya ba ta ɓata ba, mun san inda take kwance."

Na goge na sa Kulu.

Mahamud ya yi sallama ya shigo da makulli a hannu, ya durƙusa ya gaishe ni. "Baba, a yi mana afuwa, rana na yi. Hajiya, in ba mu tashi yanzu ba dare zai same mu a hanya."

"Shafi nawa ne?" ta tambaye ni.

"Goma sha tara."

"Zauna, Mahamud. Maraɗi ba ta tafiya ko'ina. Kakar uwarka za a karanta."

Ya dubi agogo, ya dube ni, ya zauna a bakin tabarma. Na sa shi ya jawo wayar caji daga motarsa ta taga, ya yi ba musu. Sannan na fara.

"Inna Kulu ta ce ranar da ta soma haƙa, matan unguwa sun zo kallo da ƙwaryar gyaɗa kamar ana wasa. Da galmar aro ta fara. Ta ce gaba biyu ƙasa ce, daga nan sai dutse, kuma dutsen garin nan ba ya jin magana sai an hura masa wuta an kwara masa ruwa, ruwan da ita kanta ba ta da shi. Rani uku ta yi."

Muryata ce, amma Ramatu ce ke magana, har inda take jan numfashi. Falmata ta rufe ido. Na ci gaba. Na wuce dawowar Habu, da raƙumi ɗaya da tari, ya sha ruwan ya ce da ɗan gishiri. Na wuce zuwan magatakardan kwamandan, wanda ya tsaya a zaure ya tambayi sunan mai gida, aka faɗa masa, ya rubuta ya tafi. A shafi na goma sha ɗaya na karanta wannan:

"Mushe zai ce ina hujja. Ya je ya leƙa. Matakan da aka sara a bangon rijiyar, tsakanin kowane da na ƙasansa bai kai kamu ɗaya ba. Habu sai ya sunkuya yake shiga zaure. Inna Kulu a kafaɗata ta tsaya tun ina 'yar shekara goma sha biyu."

Falmata ta buɗe ido ɗaya. "Ka taɓa leƙawa?"

"Na sha ruwanta."

"Ba shi na tambaye ka ba."

Na ci gaba da karatu. Kusa da ƙarshe Ramatu ta rubuta cewa ranar wata sallar layya Falmata, tana shekara shida, ta jefa takalmin liman cikin rijiyar, Inna Kulu ta sauka da kanta da tsufanta ta ɗauko.

"Ƙarya ne!" Falmata ta buga hannun kujera. "Wallahi ita ta jefa! Ni na sha dukan! Shekara hamsin da ɗoriya tana bina da wannan, har cikin littafi?" Tana dariya tana tari, Mahamud ya miƙe ya riƙe ta. "Mushe, gyara wurin nan. Goge ka sa Ramatu."

"Ba zan goge ba."

"Yau kuma?"

"Zan buɗe miki reshenki. Ki faɗi naki in rubuta, nata na nan."

Ta dube ni ta ɗan jima. "To rubuta. Kuma in na ji bisa ga dukkan alamu, zan dawo daga Yamai ko a makara ne."

Ta yi magana kusan rabin sa'a, Mahamud ya daina duban agogo. Ta gyara zurfin rijiyar, ta ƙara sunayen mata biyu da suka riƙa jan ƙasa da guga, ta ce galmar ba ta aro ba ce, ta sata ce. Na rubuta yadda ta faɗa. Da aka kira la'asar muka kai ta mota mu biyu, ɗaya a kowane gefe. Ba ta yi mini ban kwana ba. Ta leƙo ta taga ta ce in sayi sabuwar butar shayi, wannan ta mutu.

Da motar ta sha kwana na koma ciki. Babina yana nan yadda yake, da Habu da hatimin kwamandan. Ban taɓa shi ba, don ban ga komai da idona ba tukuna. Na buɗe akwatin kayan aji na ɗauko tsohuwar rulata ta katako mai awon santimita, da tocila, na kulle gida, na tsayar da ɗan kabu-kabu.

"Ina zuwa, Baba?"

"Zango. Kuma ka tafi a hankali, akwai inda zan sauka."